Kujerar Mai Fiyano

A duk layin kafintoci babu wanda ya tsani ƙarar katako kamar mutumin da ake kira Malam Tsit. Wasu suna yin gado, wasu kabad, shi kuwa sana'arsa kashe ƙara ce. Ƙofa mai kuka, gado mai tona asiri, matakala mai sanar da gida cewa wani ya shigo, duk shi ake kira. Zai zo da jakarsa, ya ce kowa ya yi shiru, ya kara kunne, ya danna nan ya danna can, sai ya ɗiga gam ko ya ɗaure ƙusa ɗaya, shi ke nan magana ta mutu. An ce ya taɓa tashi ana tsakiyar taron ƙungiyarsu ya shige ƙarƙashin teburin da shugaba yake dafawa, bai fito ba sai da tebur ya yi shiru, shugaban ma ya yi.

Ƙara ɗaya ce ta gagare shi a duniya, kuma a falon mahaifinsa take.

Baba tsohon mai karanta mitar ruwa ne. Yana zaune shi kaɗai a hawa na uku na wani dogon bene tun rasuwar matarsa, shekara uku ke nan. A falon akwai tebur mai kujera huɗu, uku a cikinsu an daɗe ba a ja su ba. Sai garmaho a kan kabad, da faifai ƙwaya ɗaya tak. Faifan jaz ne na mutum uku: mai fiyano, da mai wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar igiyoyinsa da yatsa, da mai ganguna wanda ba ya dukan ganga, sai dai ya riƙa shafa ta da ɗan burushin waya. Babu waƙa, babu lantarki a kayan kiɗan. A wani ƙaramin gidan cin abinci aka ɗauki kiɗan, mutane na zaune suna harkokinsu. Kwalin faifan ya ɓace tun Malam Tsit yana rarrafe, takardar tsakiya kuma ta goge, don haka babu wanda ya san sunan makaɗan. Baba ya raɗa musu nasa: Mai-kujera, Dogo, da Mai-shara.

Da wannan faifai Baba yake cin abinci. Fuskar faifan ta ɗaya da safe, burodi da dafaffen ƙwai da shayi. Fuska ta biyu da yamma, da duk abin da Auta, ƙanwar Malam Tsit, ta aiko. In an tambaye shi abin da yake ji a kiɗan da ba a san kansa ba balle gindinsa, sai ya ce shi dai bai taɓa ganin mutum uku sun yi hira ta minti arba'in babu wanda ya katse wani ba, sai waɗannan. Mai-kujera zai faɗi tasa, Dogo yana daga ƙasa yana cewa haka ne, haka ne, Mai-shara yana share musu gaba. In Dogo ya so magana, sai sauran su ja baya su ba shi fili, ko da abin da zai faɗa bai taka kara ya karya ba. Baba ya ce shekara talatin yana shiga gidajen mutane karanta mita, bai ga gida ɗaya da ake haka ba.

Malam Tsit ba ya jin ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da yake ji kawai kujerar mai fiyano ce. Duk sanda mutumin ya miƙa hannun dama can ƙarshen fiyano, sai kujerar ta ce ƙiiƙ. Sau tara a fuska ta ɗaya, sau shida a ta biyu. Tun yana ɗan shekara goma ya gano ciwonta: ƙafar baya ta hagu ce, gam ya bushe, katakon ya yi sako-sako a raminsa. Aikin minti biyar. Matarsa ta sha faɗa masa cewa wannan kujera ce ta mai da shi kafinta, kuma ita da ta san da kujera za ta yi zaman aure, da ta sake tunani. Ga kujera a wata ƙasar da bai sani ba, wataƙila ma an daɗe da hura wuta da ita, amma kullum ya je gaida Baba sai ta yi masa kuka a ka.

Ana nan sai allurar garmaho ta fara tsalle a wani wuri, Dogo ya riƙa maimaita haka ne, haka ne, har sai an tashi an tura shi. Auta ta ce faifan ya tsufa, a kai shi a kwafe kiɗan a waya tun bai mutu musu a hannu ba. Malam Tsit ya ce shi zai kai.

Shagon Mai-kwamfuta yana ƙarƙashin wata matakala, ko mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Aikinsa juya tsofaffin kaset da faifai zuwa waya. Ya ɗora faifan, ya kwafe, sai ga kiɗan ya fito a allo kamar jerin duwatsu koraye. Malam Tsit ya ga wani ɗan tsini siriri ya yi sama daban da sauran, ya tambaya ko mene ne. Mai-kwamfuta ya kunna wurin. Ƙiiƙ.

"Ana iya cire wannan?" in ji Malam Tsit.

"Danna ɗaya ne."

"Matsa. Ni zan danna."

Ya danna sau goma sha biyar, kowanne yana sauke numfashi kamar ana zare masa ƙaya a ƙafa. Da ya ga abin ba wuya, sai kwaɗayi ya shiga. Akwai wani mutum mai tari a faifan, ya fitar da shi. Akwai cokali da yake bugun kofin gilashi, ya cire. Akwai wata mata da take dariya daidai inda kowa ya yi shiru, ya sallame ta. Shi kansa mai fiyano yana da wani gunaguni da yake yi ta hanci yana bin kiɗansa, shi ma aka yanke. Suka saurara tare. Kiɗa ya fito fes kamar sabon faranti. Mai-kwamfuta kuwa mutum ne mai tsafta, ƙa'idarsa ba ya ajiye datti a na'urarsa. Da ya gama wankakke sai ya goge na farko, ko tambaya ba ya yi.

Malam Tsit ya fito yana jin kansa kamar wanda ya gama jarrabawar shekara talatin. Ya ajiye faifan a gaban motarsa, ƙarƙashin gilashi. Kafin ya tayar da mota aka kira shi daga wani otal mai gadaje goma sha biyu da suka haɗa baki suna kuka. Awa biyar ya yi a ciki, mota tana tsaye cikin rana. Da ya fito, faifan ya lanƙwashe ya zama kwano, mai kyau kuwa, har da ɗan baki. Ya ce a ransa ba komai, ai kiɗan yana waya, kuma ya fi da lafiya.

Washegari da safe ya hau bene da 'yar lasifika. Ya yanka wa Baba burodi, ya ɓare masa ƙwai, ya kunna, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran yabo. Baba ya ɗauki burodin, ya riƙe shi a iska daidai bakinsa. Mai fiyano ya miƙa hannu ƙarshen fiyano, ya dawo. Shiru. Baba ya ci gaba da riƙe burodin. Minti biyu, minti uku. Sannan ya mayar da shi faranti a hankali.

"Wa ya kore su?"

Malam Tsit ya ce babu wanda aka kora, ga su nan su uku, kiɗa ne cif yadda yake, sai ma abin da ya ƙaru na tsafta.

"Kiɗa yana nan," in ji Baba. "Mutanen ne ba sa nan. Ni ba na cin abinci a ɗakin da babu kowa."

Ya ture farantin. Da yamma ma haka. Washegari ma haka. Ruwa kawai yake sha, shi ma kurɓi biyu.

Sai a lokacin Malam Tsit da Auta suka gane yadda Baba yake cin abinci duk shekarun nan uku. Ashe lomar farko ba ta shiga sai kujera ta yi kuka. In mai tari ya yi tari, Baba ya kurɓi shayi, don ya taya shi wanke maƙogwaro. In cokali ya bugi kofi, ya juya nasa shayin. In matar ta yi dariya, ya dakata ya bar ta ta gama, don ba a tauna a kan dariyar mutum. Malam Tsit ya faɗi gaskiyar abin da ya yi, ya ciro kwanon faifan daga jaka ya ajiye a tebur a matsayin shaida. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a zuba makullai a ciki, kada a yi asara biyu.

Auta ba ta yi wa yayanta da sauƙi ba. Ta ce tun suna yara haka yake, in ana dariya a gida shi yana can yana sauraron hinjin ƙofa. Ta kawo likita, likita ya auna ya ce Baba ba shi da ciwon komai, amma mai shekara saba'in da takwas ba zai wuce mako yana haka ba, sai an kwantar da shi an sa masa ruwa. Baba ya ce duk wanda ya zo masa da allura, to ya zo da mai tari.

Suka koma wa Mai-kwamfuta. Ya sa wayarsa ta saurari kiɗan, ta gano shi, har ta nuna inda ake samun sabon bugu. Suka sauke da murna. Ashe kamfanin da ya sake fitar da shi ma yana da nasa Malam Tsit ɗin: babu kujera, babu tari, babu matar, an share kowa. Mai-kwamfuta ya ce to, yana da rumbun ƙararraki, zai dasa wasu. Ya dasa. Baba ya saurara da ido rufe, ya ce wannan ƙarar ƙofa ce, kuma ƙofar banɗaki. Tarin kuma na mai lafiya ne da aka ce masa yi tari. Dariyar kuwa ta macen da ba ta ji abin dariya ba. Ya ce a kashe, suna ɓata wa Dogo rai.

A rana ta huɗu Baba ya kasa tashi daga kujera sai an kama shi. Malam Tsit ya sauko daga benen ya zauna a mota bai tayar ba. Ya san ciwon kujerar nan fiye da wanda ya ƙera ta. In haka ne, zai iya ƙera ta. A kunna kiɗa a waya, shi ya zauna a kai, ya yi ƙiiƙ a inda ake ƙiiƙ.

Ya rufe shago ya hau aiki. Ya yanka ƙafar baya ta hagu da gangan ta yi siranta, ya hana ta gam, ya zauna. Shiru. Ya yi ta biyu, ya ƙara faɗin ramin, ya zauna ya karkata. Shiru. Ta uku ya yi da ido rufe, da hannun hagu, yana zagin kansa. Ta fito ta fi sauran ƙarfi, har wani mai wucewa ya tsaya yana tambaya ko ta sayarwa ce. Hannunsa ya ƙi yin mugun aiki. Da zarar ya kau da kai, yatsunsa sun gyara abin da ya ɓata.

A ƙarshen layin akwai wani kafinta da ake kira Sharp-sharp saboda saurinsa, wanda rabin ayyukan Malam Tsit gyaran ɓarnarsa ne. Shekara ashirin ba sa ko gaisawa. Malam Tsit ya cire hula, ya tafi can, ya yi sallama, ya ce ya zo neman ilimi. Sharp-sharp ya ɗauka ba'a ce, ya ɗauki guduma. Da ya ji labarin Baba sai ya ajiye, ya share masa benci, bencin ya ce ƙiiƙ tun kafin a zauna. Ya ce matsalar Malam Tsit ita ce yana son kujerar ta yi kuka, kuma kujera ba ta kuka don an so. Sirrin shi ne ka yi aikin hankalinka yana wani wuri. Kada ka auna, kallo ɗaya ya isa. Ka yi amfani da katakon da bai gama bushewa ba. Ka shafa gam kana waya. In mai kaya ya tsaya a kanka yana cewa yi sauri, ya fi. Sharp-sharp ya tsaya a kansa da kansa yana cewa yi sauri, yi sauri, yana ba shi labarin rigimarsa da surukarsa, yana tambayarsa ra'ayi. Cikin minti ashirin da biyar kujera ta fito, karkatacciya, abin kunya. Malam Tsit ya zauna, ya miƙa hannun dama kamar mai neman ƙarshen fiyano.

Ƙiiƙ.

Idonsa ya cika da hawaye, shi kansa bai san na mene ne ba. Sharp-sharp ya dafa kafaɗarsa ya ce yana da baiwa, da ya fara da wuri da ya yi nisa.

Saura mutane. Tari bai yi wuya ba, don mijin Auta direban bas ne, shekara goma sha biyar yana shaƙar hayaƙin titi, yana da tari mai zurfi da ake jinsa tun daga ƙasan bene. Auta ta daɗe tana bin sa da maganin tari. Ranar ta kwashe kwalaben duka ta kulle a kabad. Matar Malam Tsit ta karɓi cokali da kofi, ta ce in dai buga kaya ne don a ji haushi, ta ƙware. Dariya ta faɗa kan Auta, wadda ta ce ita a halin da ake ciki ba ta ga abin dariya ba. Gunagunin mai fiyano kuwa dole mai kujera ya haɗa da shi. Malam Tsit ya zana musu taswira a jikin wani falankin katako da fensirin kunnensa, minti da daƙiƙa, don babu wanda ya haddace ƙazantar faifan nan kamar wanda ya share ta.

Safiyar rana ta biyar suka hau bene su huɗu, da kujera a ka. Aka zaunar da Baba a mazauninsa, an tokare shi da matashin kai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Aka ja kujerun nan uku da aka daɗe ba a ja ba, kowa ya zauna, Malam Tsit ya kafa tasa a gefen kabad. Burodi, ƙwai, shayi. Aka kunna.

Mai-shara ya fara sharar gabansu, Dogo ya shigo a hankali, sannan fiyano. Malam Tsit yana kallon falankinsa, gumi yana bin bayansa. Daƙiƙa arba'in da bakwai. Ya miƙa hannu. Ƙiiƙ.

Baba bai motsa ba. Ya ce a tsaya.

"Mai-kujera ya fi ka nauyi," in ji shi. "Kuma shi ba jiran ƙarar yake ba. Kai kana zaune kamar mai gadin ta."

Aka cika wa Malam Tsit aljihu da guduma da ƙusoshi don ya ƙara nauyi. Aka sake. Wannan karon direba ya yi tari tun lokacinsa bai zo ba, na gaske, ya kasa tsayawa. Baba ya ce tarin yana da kyau amma mai tari daga hagu yake, can kusa da ƙofa, inda iska take kaɗa shi, shi ya sa ma yake tari. Aka mayar da direba bakin ƙofa aka buɗe taga. Aka sake. Matar Malam Tsit ta bugi kofi da ƙarfi har ya tsage. Baba ya ce wannan ba juya shayi ba ne, kiran taro ne. Aka kawo wani kofin. Aka sake. Shayi ya huce, aka dafa wani. Maƙwabciyar ƙasa ta hau ta ga ko lafiya, ta tarar da mutum yana tari a bakin ƙofa bisa umarni, ta juya ta sauka abinta.

A karo na bakwai Malam Tsit ya gaji da kallon falanki. Wuyansa ya ƙage, ƙusoshi suna sukar cinyarsa. Ya rufe ido don ya huta, sai ya ji abin da bai taɓa ji ba duk tsawon rayuwarsa a gaban wannan faifai. Mai fiyano ya faɗi wata 'yar magana, ya bar ta a buɗe. Dogo ya ɗauka ya juya ta, ya miƙo masa. Mai fiyano ya yi kamar zai amsa, ya fasa, ya bar wani ɗan rami na shiru, Mai-shara ya share ramin. Sai mutumin ya tafi neman amsar can sama, can ƙarshen fiyano, kuma Malam Tsit ya bi shi da jikinsa duka, yana gunaguni ta hanci kamar tsohon injin niƙa, bai san yana yi ba.

Ƙiiƙ.

Da ya buɗe ido, burodin yana bakin Baba.

Babu wanda ya yi numfashi. Direba ya yi tarinsa daga bakin ƙofa, Baba ya kurɓi shayi. Cokali ya taɓa kofi a hankali, Baba ya juya nasa. Aka zo wurin shirun da matar take dariya, Auta ta buɗe baki babu abin da ya fito. Ta waiga neman taimako, ta ga yayanta, Malam Tsit guda, wanda layi guda yake tsoro, zaune a karkatacciyar kujera, aljihu cike da guduma, ido rufe, yana gunaguni ta hanci. Dariya ta ƙwace mata, ta gaske, har da buga tebur. Baba ya dakata da tauna ya bar ta ta gama. Ta wuce lokacinta da kusan minti guda. Bai ce a tsaya ba.

Ya cinye burodin, ya cinye ƙwan, ya nemi ƙari. Da fuska ta ɗaya ta ƙare ya goge baki, ya ce ba laifi, amma akwai gyara. Su dawo da yamma don fuska ta biyu.

Mai-kwamfuta ya ba da shawara mai ma'ana: a ɗauki wasan nasu a waya sau ɗaya, a haɗa da kiɗan, kowa ya huta. Aka gwada. Baba ya ce ai ba a ɗaukar abin da bai gama gyaruwa ba, in an kai matakin zai faɗa musu. Don haka direba ya sauya zuwa aikin rana, matar Malam Tsit ta ajiye kofuna shida a kicin ɗin Baba, kuma tunda mutum ba zai zauna gaban abinci yana buga kofi da yunwa ba, aka fara zuwa da burodi biyu, daga baya uku. Direba yana cin nasa a bakin ƙofa. Wata rana tarinsa ya yi sauƙi, gida ya shiga damuwa, sai da ya koma tuƙa tsohuwar bas aka samu kwanciyar hankali.

Kullum akwai gyara. Yau kujera ta yi saurin kuka, gobe ta makara. A mako na uku Baba ya ce ƙara ta huɗu ba a nan take ba, tana bayan maganar Dogo. Malam Tsit ya duba falankinsa. Tana gaban maganar Dogo, ya san wannan kamar sunansa, shi ya danna ta da yatsansa ya kashe. Washegari ya yi ta a bayan maganar Dogo. Baba ya girgiza kai ya ce a'a, ai gaba take, me ya same shi, sai sun dawo gobe an sake. Malam Tsit ya buɗe baki da hujja a hannu. Ya kalli Baba, wanda wuyan rigarsa ya fara cika, yana shafa man shanu a burodi na biyu yana satar kallonsa ta gefen ido. Ya rufe bakin. Ya ciro fensir daga kunne ya yi kamar yana gyara taswira.

Matsala ɗaya ta rage. Kujerar tana zama a gidan Baba, kuma Malam Tsit yana zama a kanta sau biyu a rana, hannunsa kuwa ba ya jin magana. Ana cikin hira sai yatsunsa su lallaɓa ƙasa su danna ƙafar baya ta hagu cikin raminta. Wata safiya ya miƙa hannu can ƙarshen fiyano, kujera ta yi tsit. Burodin Baba ya tsaya a iska. Direba ya riƙe tarinsa har idonsa ya yi ja.

Malam Tsit ya ce a ba shi minti biyar. Ya kifa kujerar a tsakiyar falo, ya ɗauko guduma daga aljihu, ya ce wa matarsa ta tsaya a kansa ta riƙa cewa yi sauri, ta kuma ba shi labarin duk abin da ya yi mata tun farkon aurensu. Ta gyara tsayuwa, ta ce minti biyar ba zai isa ba.

"Ku yi a hankali," in ji Baba, burodin yana nan a hannunsa. "Su Dogo ba sa gaggawa."